Fatsar Giwan Ruwa Idan Ruwa Ya Fara Janyewa: Jagora ga Sabon Shiga

Kowace shekara, da zarar an yanke gero, ruwan fadama ya fara komawa gulbi, sai ka ga samarinmu na Dangoma da ƙauyukan da ke kewaye da Kalgo sun sayi ƙugiya da zare sun gangara. Da yamma su dawo da labari iri ɗaya: wani ƙato ya kama, ya ja, ya tsinke zare. Labarin gaskiya ne, amma ba ƙarfin kifin ne ya tsinke zaren ba. Ƙulli ne bai ɗauru ba, ko an ja lokacin da ya kamata a saki, ko an kai hannu inda bai kamata ba. Yawancinmu a nan manoma ne da makiyaya. Ba mu gaji su ba kamar Sarkawa, don haka abin da ɗan Basarke ya sani tun yana goye, mu sai an zaunar da mu an faɗa mana.

Bari in fara rage muku buri. Giwan ruwan da kuke gani a hotunan bikin Argungu, irin mai kilo 75 na shekarar 2005 ko mai kilo 78 na 2020, an kama su ne a Matan Fada, ruwan da ake hana taɓawa shekara guda, kuma da homa da gora, cikin rani, ga dubban mutane sun rikita ruwan. Wannan wata sana'a ce daban. Kai da za ka zauna da fatsa a gefen gulbin Sakkwato, wanda ya gangaro ta Argungu da Birnin Kabi ya nufi Bunza, abin da za ka fi haɗuwa da shi mai kilo biyu ne zuwa goma. Shi ma in ba ka iya ba, sai ya bar ka da zare a hannu.

Kayan aiki

Zaren nailan mai kauri, wanda zai ɗauki kilo 25 zuwa 30, tsawon mita 50 ko fiye. Sabo, ba wanda ya kwana a rana tun bara ba, domin rana tana cinye nailan ta ciki, ido ba ya gani.

Guntun zare wanda ya fi wancan kauri, kamu biyu, da za a ɗaura tsakanin babban zare da ƙugiya. Giwan ruwa ba shi da haƙora masu yanka, amma bakinsa kaushi ne da shi, kuma gefen murfin kunnensa kaifi ne. Nan zare ke gogewa. In ruwan akwai tsage, sai ka ƙara siririyar waya ɗan taƙi ɗaya, don haƙoran tsage ba sa barin nailan.

Ƙugiya manya da ƙanana. Irin ta kwali da ake sayarwa a kasuwanninmu, lambar na raguwa girman na ƙaruwa. Kada ka je ka ce a ba ka babbar lamba kana nufin babbar ƙugiya. Ƙananan na kamun ƙoto ne.

Dalma, da abin da zai yi maka tozo a saman ruwa: guntun soso na takalmi ko ƙaramin gora. Katako ko gora na naɗe zare. Jarka wadda ba komai cikinta, mai murfi. Bokiti, wuƙa, filaya, tocila, buhun algarara, da maƙata mai ƙarfi ko zago na ɗaukar kifi. In da kwale-kwale za ka shiga, rigar ruwa. Na san ana yi wa mai sa ta dariya. Tun hatsarin jirgin Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin watan Mayun 2021, da ya ci rayuka masu yawa, dariyar ta ragu, kuma gara ta ƙare.

1. Nemi izini kafin ka jiƙa zare

Ruwa yana da masu shi. Kowane yanki na gulbi akwai Sarkin Ruwa, akwai gurbin da aka hana su sai lokacinsa, akwai inda wani ya saba kafa kalli ko gura tun kakanninsa. Je ka gaida Sarkin Ruwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, fatsa nake so in gwada, ina ne ba a taɓawa?" Amfanin wannan ya wuce ladabi. Shi ya san inda aka shimfiɗa mamari, wato doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi tsirara, wadda in ka taka ta cikin ruwa sai an yanka fata kafin a raba ku. Shi ya san inda aka ga kada, da inda ƙasa ke zaftarewa. Sannan ka kula da gonakin shinkafa a hanyarka. Wannan lokaci ne da take fitar da kai, kuma manomi ba zai saurari zancen kifi ba in ka tattake masa kunya.

2. Karanta ruwa

Nan ne sana'ar take, sauran duk cikon aiki ne.

Da damina, cikin Agusta da Satumba, gulbi yakan cika ya malala cikin fadama. Kifaye su bi shi su shiga ciyawa, su yi ƙwai, 'ya'ya su girma cikin wadatar abinci. A lokacin nan fatsa ba ta da riba sosai: ruwa ya yi faɗi, ya yi ja, kifi ya warwatse kuma a ƙoshe yake. Amma daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba da Nuwamba, ruwa yakan juya. Fadama ta fara tsiyayewa, duk ƙananan kifin nan dole su koma gulbi ta 'yan ƙoramu da mashigai ƙalilan, in ba haka ba tabki ya ƙafe da su. Giwan ruwa ya san wannan. Ba ya yawon nema. Yakan tsaya a bakin mashigi, can ƙasa inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, yana jiran abinci ya zo masa har gida, kamar mai karɓar haraji a ƙofar kasuwa.

To, ta yaya za ka san ruwa ya juya? Kafa kara a bakin ruwa da yamma, ka yi masa alama. In da safe ruwa ya sauka daga alamar, kwana biyu ko uku a jere, lokaci ya yi. Dubi launinsa kuma. Jan ruwa mai laka ba na giwan ruwa ba ne, don da ido yake farauta. Idan ya fara washewa, har kana ganin tafin hannunka in ka nutsa shi zuwa gwiwar hannu, to ya yi. Mafi kyawun wuri shi ne inda ruwan fadama mai haske ke zuba cikin na gulbi mai duhu, har ka ga layi tsakaninsu. Jefa ƙotonka a kan layin nan.

Sauran wuraren: gindin itacen da ruwa ya kayar, lanƙwasar gulbi ta waje inda ruwa ya ƙwaƙule gaɓa ya yi zurfi, ƙafafun gada, da duk inda akwai dutse a ƙasa. Kada ka ɓata yininka a tabkin da ya rabu da gulbi ya yi ɗumi ya yi kore. Giwan ruwa ba ya jure ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci. Wannan gidan tarwada ne da gaiwa, masu iya shaƙar iska daga sama.

Alama biyu da ido ke gani: ƙananan kifi suna watsewa a saman ruwa kamar an watsa tsakuwa, da tsuntsaye masu cin kifi sun taru a wuri ɗaya. Kunne ma yana aiki. Giwan ruwa zuƙe abinci yake yi, kuma in ya yi haka kusa da sama za ka ji wani "bum" mai zurfi, daban da fantsamar tsage.

Akwai abin da kakanninmu ba su yi fama da shi ba. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978, daga baya kuma ta Goronyo a kan gulbin Rima, hawa da saukar ruwa ba na sama kaɗai ba ne. Ana iya sako ruwa daga can, ka ga gulbi ya hau alhali ko ɗigo ba a yi ba a Kalgo. In karanka ya nuna ruwa ya hau dare ɗaya kuma ya yi ja, koma gida. Kifi zai daina ci na 'yan kwanaki, kuma tsibirin yashin da ka tsaya a kai jiya yana iya nutsewa yau.

3. Lokaci

Daga sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma daga bayan la'asar zuwa duhun magariba. Idon giwan ruwa yana gani cikin dishi-dishi fiye da na abin da yake farauta. Haska shi da tocila ka ga yadda yake ƙyalli. Da rana tsaka yakan sauka can ƙasa. Masu su da dare suna samu, amma ban ba sabon shiga shawarar dare ba, balle shi kaɗai.

4. Ƙoto mai rai

Tana da tuwo da hanjin kaza na tarwada ne da kurungu da ragon ruwa. Giwan ruwa mai rai yake so. Kama ƙananan karfasa ko kawara, masu tsawon yatsa zuwa tafin hannu, da ƙaramar ƙugiya ko birgi. Karfasa ta fi daɗewa a ƙugiya. Kawara ta fi ƙyalli, ta fi jan hankali, amma saurin mutuwa gare ta. Ajiye su cikin bokiti a inuwa, kana sauya ruwa akai-akai, kuma kada ka cika bokitin da su. Biyar masu ƙarfi sun fi ashirin masu kwanciya da gefe.

Soka ƙugiya a bayan kifin, ƙasa da ƙayar baya kaɗan, sama da ƙashin tsakiya. In ka taɓa ƙashin, ka kashe shi. In ruwa na gudu da ƙarfi, soka ta leɓen sama, don ya fuskanci ruwa ya yi iyo yadda ya saba. Wanda aka soka a baya cikin ruwa mai gudu juyawa yake yi kamar farfela, ya murɗe maka zare, ya mutu. Bar bakin ƙugiya a waje. Sababbi suna son ɓoye ta cikin nama wai kada kifi ya gani, sai kuma ta kasa shiga bakin da aka nufa. Duba tsinin ma: ɓawon kifi guda ɗaya in ya maƙale a kai ya isa ya hana ta kamawa.

5. Ƙulli

Nailan santsi gare shi, ƙullin ɗaure akuya ba ya riƙe shi. Zura zare ta idon ƙugiya, naɗa shi a jikinsa sau biyar ko shida, mayar da bakin ta ƙofar da ke kusa da idon, sannan ta babbar ƙofar da ka yi yanzu. Kafin ka ja, jiƙa shi da yawu. In ka ja shi a bushe, gogayya tana ƙona zaren, ya raunana daidai wurin da ake buƙatar ƙarfinsa. Zare mai kauri sosai, naɗi huɗu ya isa. Bayan haka maƙala ƙugiyar a reshe ka ja da ƙarfinka. Gara ta kwance a hannunka.

In zarenka ya dawo babu ƙugiya, dubi bakinsa. In ya nannaɗe, ƙullinka ne ya kwance. In ya yi kaushi ya yi fari, gogewa ya yi a dutse ko itace ko kunnen kifi. In an yanke shi tsaf, tsage ne. Bayan kowane kifi, shafa kamu biyun ƙarshe da yatsa. Ka ji kaushi, yanke ka sake ɗauri.

6. Jefawa da jira

Sa dalma daidai yadda za ta riƙe ƙoto kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, ba wadda za ta binne shi cikin laka ba. Lilo za ka yi ka sake a hankali, kada ka maka shi da ruwa. Jefa sama da wurin da kake nufi, ruwa ya gangaro da shi. Warware zaren da ya rage a ƙasa mai tsabta, kada ya bi ta ƙarƙashin ƙafarka, ka ɗaura ƙarshensa a jarka.

Sai ka zauna, ka yi shiru. Kifi na ganinka, mai jar koma, kuma yana jin ka. Takun ƙafa a gaɓa, bugun filafili a jikin kwale-kwale, waƙar da ke tashi daga waya, duk suna shiga ruwa. Kada inuwarka ta faɗa kan gurbin.

Doka ɗaya wadda ba ta da sassauci: kada ka naɗa zare a hannu, ko a yatsa, ko a ƙafa. Riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuni, da tsumma ko guntun robar tayar keke a matsayin kariya. Kifi mai kilo goma in ya fizga, nailan yana shiga nama har ƙashi. Wanda ya fi haka yana iya jan yaro cikin ruwa.

7. Idan ya ci

Za ka fara jin ƙotonka ya firgita, zare na rawa. Sannan nauyi, tozo ya nutse, zare ya fara tafiya. A nan mafi yawa ke yin asara, don jiki na rawa sai su fizga nan take, su zare ƙoto daga bakinsa. Bar shi ya tafi da zare kamu uku ko huɗu, ya juya kifin a bakinsa. Sannan ka riƙe, ka bari zare ya miƙe, ka ja sau ɗaya da ƙarfi.

Gudun farko nasa ne. Bar zare ya bi ta cikin tsumman kana matsawa kaɗan-kaɗan. Ba a tsayar da shi, gajiyar da shi ake yi. Ya tsaya, ka jawo. Ya sake gudu, ka sake. Abu biyu zai gwada. Zai nufi itace ko dutse don ya goge zaren. In ka ga haka, ja shi ta gefe, ka karkatar da kansa, kada ka ja shi ta baya. Zai kuma taso sama ya buɗe baki ya girgiza kai. A wannan lokaci sauke hannunka ƙasa kusa da ruwa, kada zare ya yi sako-sako, don da ya saki ƙugiya za ta fita. In zare ya ƙare kifi bai tsaya ba, jefa jarkar cikin ruwa. Ba zai iya nutsar da ita ya daɗe ba. Ka bi ta da kwale-kwale, ko ka roƙi mai shi. Kada ka bi ta da iyo.

8. Fitar da shi

Kifi ya zo gab da hannu, ya kwanta da gefe, azurfar jikinsa na walƙiya, mutum ya ɗauka an gama. Saura gudu ɗaya, wanda yakan yi da zarar ya ga mutum, kuma yanzu zaren gajere ne, ba shi da sauran miƙewa. Ka shirya masa, zaren da ka jawo ya kasance a warware. Kada ka ɗaga kifi da zare. In gaɓar mai gangare ce, jawo shi kan yashi. In mai tsayi ce ko kana cikin jirgi, abokin tafiyarka ya sa maƙata a ƙarƙashin haɓa. Cikin kwale-kwale a zaune ake wannan aiki, kuma mutum biyu ba sa leƙawa ta gefe ɗaya.

Kada ka cusa yatsu cikin kunnensa yana da rai. Buga masa itace a ka, tsakanin idanu, sannan ka cire ƙugiya da filaya.

Ba kullum abin da ka nema ke zuwa ba. Kurungu yana kafe ƙayoyinsa uku, sukansu na da zafi kuma yana saurin ruruwa. Tsage yana cizo ko bayan ya fito. Minjirya kuwa, mai taushin jiki da ɗigo-ɗigo, in ka ga ita ce, yanke zaren kawai. Wutarta ba ta cika kisa ba, amma ta isa ta jefa ka ruwa daga cikin jirgi. In ƙugiya ta shige ka har ƙayarta ta nutse, kada ka ja ta baya. Yanke zaren, ɗaure wurin, tafi asibiti a cire, a yi maka allurar tetanas. Wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa bayan ya saba shiga ruwan fadama, tsargiya ce, ba alamar balaga ba kamar yadda ake gaya wa yara, kuma maganinta na nan a asibiti.

9. Wanda za ka mayar

Ɗan giwan ruwa da bai kai tsawon kamu ɗaya ba, cire ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu ka sake shi. Bai yi ƙwai ko sau ɗaya ba. Tsofaffin masunta suna cewa manyan sun yi ƙaranci a kan yadda suka sani da ƙuruciya. Ga madatsu, ga taru mai ƙananan idanu har da gidan sauro, ga masu zuba gamalin su kwashe babba da yaro. Wannan na ƙarshe ba su ba ne, ɓarna ce. Ruwan nan shi shanu ke sha, shi mata ke ɗiba. In ka ga kifi na yawo a sama birjik ba dalili, kada ka ɗauka ka kai gida, je ka gaya wa Sarkin Ruwa.

10. Daga ruwa zuwa kasuwa

Tarwada tana isa kasuwa da ranta cikin ɗan ruwa. Giwan ruwa ba haka yake ba. Da ya fito ya mutu, kuma zafin kaka ba ya jira. Yanka ƙarƙashin kunne jini ya tsiyaye, naman zai fi fari, ya fi daɗewa. In gida za ka kai, farke ciki nan take, fitar da hanji, wanke da ruwa mai tsabta. In sayarwa za ka yi, tambayi mai saye tukuna, don wasu sun fi son sa a rufe, saboda farar jakar iskar da ke cikinsa tana da nata kuɗin, ana busar da ita a fitar da ita ƙasashen Asiya. Kada ka bari a haɗa maka kuɗinta cikin na nama ba ka sani ba. Nannaɗe shi cikin jiƙaƙƙen buhun algarara, ba leda ba, ka sa a inuwa. Kamun asuba ya isa Kalgo ko Birnin Kabi kafin azahar. Mai saye zai ɗaga kunne ya ga ko ja ne, ya danna nama ya ga ko zai taso. In ba za ka kai ba, yanka shi gunduwa-gunduwa, sa gishiri, yi banda da wuta marar harshe, don kitse gare shi, wuta mai ƙarfi ƙona waje take yi ta bar ciki ɗanye.

Idan hunturu ya kankama cikin Disamba, ruwa ya yi sanyi, mashigai sun ƙafe, cin ƙoto yakan ragu a nan wajenmu. Wanke zare, shanya shi a inuwa, shafa wa ƙugiyoyi man gyaɗa ka rufe su cikin gwangwani. Mai son ci gaba sai ya gangara kudu zuwa kogin Kwara, wajen Yawuri, inda baƙin ruwa ke isowa daga Mali a tsakiyar rani ya sake ɗaga kogin. Can ruwa ya fi faɗi, akwai dorina, kuma ba a shiga sai tare da ɗan gari mai jirginsa.